Injin Ban Ruwan Yayana da Masu Zuba Jari

Yayana bai wuce aji shida ba. Shekarar da mahaifinmu ya kwanta ciwon da bai tashi ba, Yaya ya rataye jakar lakkwal ya bar karatu, aka kai shi Maraɗi wurin wani mai sudur don ya koyi haɗa ƙarfe da wuta. Ni ce auta, a lokacin ko alli ban iya riƙewa ba. Bayan shekara bakwai ya dawo Madarumfa da tsohon injin sudur da tabon ƙuna a hannuwansa biyu, ya kafa rumfar kwano a bakin hanyar da ke gangarawa tafki. Yana yin ƙyamare da tagogi da gadajen ƙarfe, in damina ta matso kuma sai garmar shanu da gyaran amalanke.

Da kuɗin ƙyamaren nan na yi karatu har jami'a, na karanta tafiyar da kasuwanci. Na dawo gida da takardar shaida, Inna ta naɗe ta cikin leda ta sa ƙasan akwatinta. Shekara biyu ina neman aiki ban samu ba. Abin da ya rage mini shi ne rubuta wa mutane takardun neman taimako da Faransanci, wani ya ba ni dala ɗari, wani ya sa mini albarka.

Masu lambu na bakin tafki da na gefen gulbi da inji mai shan mai suke ban ruwa, man kuwa daga ƙetaren iyaka yake zuwa cikin jarkoki, a sayar da shi kwalba-kwalba a bakin hanya. Da ya yi tsada a can, mu ya fara taɓawa. Kawu, ƙanen Inna, yana da lambun albasa da tumatir da zogale, kuma a shekarar ya bar rabinsa ya bushe yana kallo. Wata rana ya zo rumfar Yaya gyaran galma, ya zauna kan benci ya ce, shi yanzu bai san ko lambu yake nomawa ko mai sayar da mai yake wa bauta ba.

Daga ranar, wata uku Yaya ya yi yana fama da wani abu a bayan rumfa. Ya ciro ƙaramin injin lantarki daga wata matacciyar na'ura, ya sake naɗa masa waya da hannunsa. Ya yanka farantin ƙarfe ya ƙera farfelar da za ta tura ruwa. Ya sayo panno biyu na hasken rana, na kwance, ya ɗora komai a kan baro mai taya biyu, don mai lambu ya iya tura kayansa gida da yamma kada a sace. Sau biyu abin yana ƙonewa. Na uku muka tura shi lambun Kawu da hantsi, ni da shi, aka zura tiyo cikin rijiya. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai wani ɗan gunji kamar na zuma, sai ga ruwa ya biyo tiyo yana tafiya cikin kwali, wato fangalin shuka. Kawu ya tsuguna ya wanke fuskarsa da ruwan, ya daɗe bai ɗago ba.

"Wannan rana kaɗai yake ci?" ya tambaya.

"Rana kaɗai, Kawu."

"To, Allah Ya bar mana rana."

A shekara biyu Yaya ya ƙera goma sha ɗaya. Masu so sun ninka haka, har daga garin Sarkin Yamma ana zuwa tambaya. Abin da ya tsaya masa shi ne panno. Yana da tsada, kuma ɗaya-ɗaya yake iya saye, mai lambu kuwa ba ya da abin biya sai ya cire albasa. Sai mutum ya jira wata huɗu, biyar, kafin layi ya zo kansa, wani lokaci rani ya wuce.

Ni na fara kawo maganar masu jari. A waya na ga sanarwar wani horo na masu sababbin kamfanoni, na cika takarda, aka ɗauke ni. A can na koyi cewa akwai wasu masu kuɗi a manyan birane da ba bashi suke bayarwa ba, ba kuma kyauta ba. Suna zuba kuɗi a kamfani tun yana jariri, su karɓi kaso a cikinsa, in ya girma su sayar da kason su ci riba. Na zo na yi wa Yaya bayani yana goge wani ƙarfe. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ashe ƴan turka ne. Su sayi ɗan rago, su ciyar da shi, Sallah ta zo su kai kasuwa." Na ce kusan haka ne. Ya ce, "To, ki rubuta masu, Auta. Ke kika san bakinsu."

Muka yi rajistar kamfani a Maraɗi, aka ba mu takarda da hatimi. A jikin takardar shi ne darakta, ni mataimakiya. Matarsa ta yi mako guda tana kiransa darakta in za ta miƙa masa tuwo. Na ɗauki hotunan lambuna, na rubuta dosiye, wato bayanin kamfanin, mai shafi ashirin, na haddace jawabin minti uku har ina maimaita shi ina wanke-wanke. Ban taɓa yarda da wani abu a raina kamar yadda na yarda da wannan ba. Na riƙa ganin rumfar ta zama babban shago, da ma'aikata, da mota mai kai injuna har Zinder.

Na aika wa masu jari dosiyen. Amsoshin farko gajeru ne. Sun gode, aikin yana da kyau, amma mun yi ƙanƙanta tukuna, mu dawo in mun girma. Na karanta wa Yaya. Ya ce, "In mun girma me za mu je yi wurinsu?"

Wani daga cikinsu ya yarda ya yi magana da mu ta bidiyo. Muka hau moto, wato babur, har Maraɗi don a sami rezon waya mai ƙarfi, Yaya ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Mutumin saurayi ne, yana zaune gaban wata taga mai tsawo, yana da fara'a. Ya bar ni na gama jawabina, sannan ya tambayi mutum nawa ne a duk ƙasar nan za su iya sayen injin su biya nan take. Na fara zagaye-zagaye. Ya ce ya gane. Ya ƙara da cewa ko da ya so, masu inshorarsu ba su yarda ma'aikaci ya taka yankinmu ba, a taswirarsu an shafa masa ja, su kuma ba sa zuba kuɗi inda ba za su iya zuwa su gani da ido ba. Minti goma sha biyu aka yi. A hanyar dawowa na faɗa wa Yaya maganar taswirar, ina ɗaga murya saboda iska. Ya yi tafiya mai nisa kafin ya ce, "Har tafkin suka shafa?"

Daga nan aka yi canjin gwamnati a Yamai, aka rufe iyaka, wuta ta zama sai an ga dama. Masu lambu suka ƙara matsa wa Yaya, panno kuma ya ƙara tsada. Waɗanda a da suke amsa mini da godiya suka daina amsawa gaba ɗaya. Na ci gaba da aikawa duk da haka, kamar mai jefa guga a rijiyar da ya san ta ƙafe.

Bayan an buɗe iyaka da ƴan watanni, wata mata ta kira ni. Ta ce tana aiki da wani asusun zuba jari da ke wata ƙasar bakin teku, ta ga dosiyenmu tun bara, wani aiki ya kawo ta Maraɗi, kuma tana da rabin yini. Ba da sunan ofis za ta zo ba, da kanta za ta zo. Ba ta jin Hausa. Inna ta sa aka yanka zabo, matar Yaya ta share rumfar har ta yayyafa ruwa.

Ta iso da safe a motar haya. Babbar mace ce, za ta kai hamsin, da tabarau da takalmin fata mai kyau. Muka kai ta lambun Kawu. Na yi zaton za ta tsaya daga gefe, sai ta shiga cikin kwali har takalmin ya nutse a laka. Ta sa hannu a bakin tiyo, ta tura baron da kanta ta ji nauyinsa, ta sa aka kwance murfin injin ta leƙa. Ta tambayi Kawu ko ya taɓa lalacewa. Kawu ya ce sau ɗaya, yashi ya cinye farfela, ya kai rumfa da safe, kafin azahar ya dawo da shi. Na ga fuskarta ta saki.

Muka koma rumfa. Ta zauna kan bencin da masu jiran gyara suke zama, Yaya kan wata tsohuwar taya, ni a tsakani ina fassara. Ta ciro ƙaramin littafi.

Ta tambaya, inji ɗaya shekara nawa yake yi.

"Ki ce mata ban sani ba," in ji Yaya. "Na farkon bai mutu ba tukuna. In an kula da shi zai kai goma."

Wanda ya saya, me yake dawowa ya sake saye?

"Ba komai. Sai dai gyara, shi ma ba kullum nake karɓar kuɗi ba. Abin da na ƙera da hannuna, in ya lalace ai kunyata ce."

Na fassara, amma na cire maganar rashin karɓar kuɗi. Ta rubuta wani abu. Ta tambaya ko akwai wani da ya iya ƙera irinsa. A nan Yaya ya gyara zama, don abin alfaharinsa ne.

"Akwai. Wani abokina da muka koyi aiki tare, yana garin Ɗan Issa, ya zo ya kwana uku na nuna mashi komai. Ya yi huɗu yanzu. Akwai wani kuma a Sarkin Yamma, shi bai ƙware ba tukuna."

Na san abin da amsar nan za ta jawo, don an koya mana a horo. Na ce mata akwai mutum biyu da muke shirin ɗauka aiki. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce ta ji sunayen garuruwa biyu, kuma ta ga ya nuna yatsu huɗu. Na ji kunya har cikin ƙashina. Na faɗa mata gaskiya.

In ya kwanta rashin lafiya fa, wa zai ci gaba?

"Sai a jira in warke. In ban warke ba kuma, Allah na nan."

Ta nemi ganin inda ake rubuta ciniki. Yaya ya nuna kansa da yatsa, ya ce kowa ya san abin da ke kansa, shi ma ya sani. Tambayarta ta ƙarshe ita ce, nan da shekara bakwai wa yake ganin zai sayi kamfanin.

Yaya ya dube ni. "Wane kamfani? Rumfar?"

"Duka, Yaya. Sunan da aikin."

"Ki ce mata injin ne na sayarwa. Rumfar ta ƴaƴana ce."

Ta rufe littafin. Aka kawo abinci, ta ci sosai, ta yaba miyar. Da ta wanke hannu sai ta ce ba ta so ta tafi ta aiko mana da wasiƙar godiya irin wadda muka saba samu, mun cancanci a faɗa mana a fuska. Ta yi magana a hankali, idonta a kan Yaya, ba a kaina ba. Ta ce injin ya fi da yawa daga cikin abubuwan da ta gani an zuba wa kuɗi. Amma kuɗin da take riƙewa ba nata ba ne, na wasu ne da suka ba su amana na ƴan shekaru. A cikin kamfani goma da suke ɗauka, sun san yawanci za su mutu, don haka dole kowanne ya zama mai yiwuwar girma har ya biya asarar sauran. Namu ba zai mutu da wuri ba, amma ba zai yi irin wannan girman ba. Masu sayenmu talakawa ne masu jiran kaka. Wanda ya saya sau ɗaya ya gama da mu. Duk mai sudur da ya kwana uku a nan zai iya yin irinsa. Ranar da wani ya cika kwantena da injunan waje masu araha, ba mu da katangar da za ta tare shi. Kamfanin duka yana cikin kan mutum ɗaya da hannuwansa. Kuma ko komai ya tafi daidai, ba ta ga wanda zai zo Madarumfa ya sayi kasonsu ba ranar da suke son fita.

Ta dube ni, tana jiran in fassara. Na juya wurin Yaya na ce, "Ta ce injin ya yi kyau ƙwarai. Za ta kai maganar gaba, su yi shawara."

Yaya ya ɗauki wani guntun ƙarfe yana juya shi a hannu.

"Auta, ta yi magana mai tsawon huɗuba, ke kin kawo mini loma ɗaya. Aji shida na yi, ban manta kalmar a'a ba, kuma na ji ta sau uku. Faɗa mini duka. Ba yaro ba ne ni."

Na faɗa masa, ɗaya bayan ɗaya. Bai katse ni ba. Da na gama ya gyaɗa kai, ya ce, "Ki ce mata ba ta yi ƙarya ba ko ɗaya. Ki kuma tambaye ta, da na ɓoye wa abokina, da na sa farfelar da ke mutuwa duk shekara, da sun bayar?"

Na tambaye ta. Ta cire tabarau ta goge, ta ce da an fi saurarenmu, amma ba ta ce da an bayar ba.

Na raka ta mota. A nan ta riƙe hannuna ta ce akwai wani kamfani da suka zuba wa jari, yana shigo da injunan ban ruwa na hasken rana daga waje, yana ba manoma su riƙa biya kaɗan-kaɗan ta waya. Yana aiki a ƙasashe uku, yana shirin shigowa yankin Maraɗi, yana neman wanda ya san masu lambu. Ta ce dosiyen da na rubuta shi ya sa ta zo, kuma kada in ƙare rayuwata ina fassara. Ta ba ni lamba.

Mako uku lambar tana cikin jakata ban faɗa wa kowa ba. Ranar da na faɗa wa Inna, tana tsintar wake a faifai, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wannan ba maganata ba ce. Ki je wurin wanda ya biya kuɗin takardar." Na sami Yaya da la'asar yana haɗa ƙafar gado. Ya ɗaga gilashin fuska ya saurare ni.

"Albashi za su ba ki duk wata?"

"E, Yaya. Amma mutanenka zan sayar wa."

"Ba mutanena ba ne, masu neman ruwa ne. In ba ki je ba wani za su ɗauka. Ba don ki zauna ƙarƙashin rumfa kina kora mini ƙuda na kai ki lakkwal ba." Ya sauke gilashin ya ci gaba da aiki. Na tsaya ina jiran ya ƙara wani abu, ko ya yi faɗa, bai ƙara ba.

Na karɓi aikin. Aka ba ni moto da riga mai tambari da waya. Injunan farare ne, masu kyau, ba nauyi, kuma abin da ake fara biya bai kai kuɗin tunkiya ba. A cikin kowanne akwai wata na'ura mai magana da ofis: in manomi ya biya, inji ya yi aiki, in ya makara, ya kulle kansa daga nesa. An rufe su ruf, kuma an gargaɗe mu cewa duk wanda ya bari aka kwance nasa ya fita daga lamuni. Na san duk wanda ke jiran layi a wurin Yaya, na san lambunsa da sunan matarsa, don ni na rubuta su a dosiye. Gidajensu na fara zuwa. Ba wanda ya ƙi. Wasu sukan ce in gai da Yaya, su kawar da kai. A rani ɗaya na raba fiye da abin da ya ƙera a duk shekarunsa, har aka kira sunana a taron ma'aikata aka tafa mini.

Yaya ya koma kan ƙyamare, ƙyamaren ma ba kamar da ba, don mutane sun rage gini. Ba mu taɓa yin maganar ba. In na karɓi albashi nakan kai wa matarsa shinkafa da mai, ta karɓa ta yi godiya irin ta baƙi. Bayan Sallah ƙarama ya sayar da injin sudur ɗinsa, ya ce zai bi wasu abokai arewa, wurin haƙar zinariya, ana neman masu gyaran injunan niƙa dutse. Inna ta yi kuka, ta ce ya duba yaransa. Ya ce su yake dubawa. Ni na kai shi tasha a kan moton kamfani. Da zai hau mota ya ce in riƙa leƙa Inna, in kuma daina tuƙi da gudu a yashi.

Ban cika shekara biyu a aikin ba aka kira mu taro ta waya. Shugaban kamfanin, wanda ban taɓa gani ido da ido ba, ya ce sun nemi sabon jari don su ci gaba, ba su samu ba. Masu kuɗin sun ce manoma suna makara da biya, kasuwar ba ta girma da saurin da aka yi alkawari ba, kuma ƙasashenmu sun yi haɗari. Ina zaune a kan moto a gindin wata bedi ina sauraro, na ji kusan kalmomin da na taɓa fassarawa. Ya ce za su rufe reshen ƙasarmu a ƙarshen wata, ya gode mana. Wani ya tambaya, injunan da ke lambuna fa? Ya ce ana duba yadda za a yi.

Ba a duba ba, ko an duba ba a samu ba, ban sani ba. Bayan mako shida lambar da ake biya ta daina karɓa, injunan kuwa da suka daina jin ofis sai suka fara kullewa, yau na wannan, gobe na wancan, har da na waɗanda saura kaɗan su gama biya. Tsakiyar rani ne, albasa ta fara kai. Mutane suka riƙa zuwa ƙofar gidanmu da safe, su yi sallama, su zauna. Ba su zage ni ba. Wani dattijo ya ce, "Ƴar nan, ba mun zo tuhuma ba ne. Yayanki muke tambaya, ko yana da ranar dawowa."

Na kira Yaya. Sai da na yi kwana biyu kafin na same shi, muryarsa ta dushe, yana tari tsakanin magana. Na yi masa bayani. Ya tambaye ni kalar wayoyin da ke ciki da yadda suka bi, na fasa murfin wani da guduma ina faɗa masa abin da nake gani. Ya ce in yanke ja in haɗa da wadda ke zuwa daga panno. Na yi. Wani ƙauri ya tashi, injin ya yi zafi, shi ke nan. Ya ce abu ne da sai ya gani da idonsa, kuma ba zai iya tahowa bana ba, bai tara abin da zai sake sayen kayan aiki ba. Ya ce a gwada abokinsa na Ɗan Issa. Aka gwada. Ya ta da wasu, ya ƙona wasu, daga baya ya ce a daina kawo masa.

Madam ɗin nan ta asusun zuba jari, na rubuta mata sau ɗaya. Ta amsa da kanta, ta ce ta bar asusun, abin ya dame ta, ba ta da ikon komai a kai yanzu. Na yarda da ita.

Na mayar da moton, na koma rubuta wa mutane takardu. Na daina bin hanyar tafki in ba dole ba. Amma wata safiya Inna ta aike ni sayen zogale, na bi ta gefen lambun wata tsohuwa da mijinta ya rasu, wadda ni na zauna a tabarmarta na lallashe ta ta sayar da akuyarta ta karɓi inji. Injin yana nan a gefen rijiya, fari, ta rufe shi da tsohon zane saboda rana. Ita kuma tana jan guga, tana cika bokiti biyu, tana ɗauka zuwa kwali. Na so in wuce, ta riga ta gan ni.

"Ƴar nan, ina kwana? Ya jikin Innarki?"

"Da sauƙi, Iya. Ina aiki?"

"Aiki da godiya."

Ba ta dubi injin ba, ni ma ban duba ba. Na ajiye kwandon Inna, na tuɓe takalmi, na karɓi bokiti ɗaya. Muka yi ta kai da kawowa har rana ta take, ƙasa ta fara ƙona ƙafa. Kwali huɗu muka shayar. Sauran goma sha wani abu ganyensu ya riga ya kwanta. Ta ce in tafi haka nan kada Inna ta ga na daɗe, ta yago mini zogale mai yawa, ta ƙi karɓar kuɗi.